Abin da Na Sa Aka Goge a Kwamfutar Yayanki

Unguwar Rimi, Kaduna.

Zuwa ga ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai kin sauka Abuja kin huta. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Mamanki ma ta yi. Ta gan ni da biro tun da hantsi, ta ce, "Malam, wa ake rubuta wa haka kamar mai jarrabawa?" Na ce Hafsatu. Sai ta ce, "To, Allah ya sa abin da baki ya kasa, hannu ya iya."

Jibi zan raka ki tashar jirgi a Rigasa, kuma na san yadda za a yi. Za ki durƙusa ki ce, "Baba, na tafi." In ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Shekara biyu ke nan maganarmu ba ta wuce haka ba: ina kwana, ina wuni, ga abinci. Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba, kuma wallahi da kin yi da ya fi mini sauƙi. Tsorona shi ne in kika tafi a haka, a haka za mu dawwama, ki riƙa zuwa da salla kina gaishe ni kamar maƙwabci, har ranar da za a buga miki waya a ce ki taho gida. Don haka ba labarin gari zan ba ki ba. Kurakuraina zan faɗa miki, ki tsinci abin da zai amfane ki a ciki.

Kin tuna lokacin da yayanki ya fara haɗa kwamfutar nan. Bai saye ta ɗungurungum ba, guntu-guntu ya tara ta kamar mai haɗa lefe. Yau ya shigo da akwatin ƙarfe, wani watan fanka, wani watan kuma katin nan da ke fitar da hoto, wanda ya ɗauko daga wani shago a Kurmin Mashi a naɗe cikin tawul, ya hana kowa taɓawa. Wata rana na dawo daga ofis na tarar da cikinta a buɗe a tsakar ɗaki, wayoyi ko'ina, shi yana durƙushe da sukudireba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kai, yaro, in sana'ar gwangwan za ka koma, faɗa mini in nema maka kura." Ya yi dariya ya ce, "Baba, bari ta tashi ka gani." Ta tashi kuwa. Ban je na gani ba.

Ya taɓa ƙoƙarin yi mini bayani muna cin abinci. Ya ce tasa ba irin kwamfutar ofis ba ce, wai Linux ya ɗora mata, manhajar da mutane daga ko'ina suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya duba cikinta, in ya ga gyara ya gyara. Na ce abin da kowa ke da shi ai ba shi da mai shi, kuma abin da ba shi da mai shi bola ce makomarsa. Ya ce, "Baba, masallacin unguwa fa?" Sai na ce kada ya ƙara haɗa mini masallaci da wasa. Ke kina gefe kina ƙunshe dariya, na gan ki. Da na saurare shi minti biyar a ranar, da abin da ya faru daga baya bai faru ba.

Kin fi ni sanin jikinsa. Sikila ta hana shi ƙwallo, ta hana shi makarantar kwana, ko yayyafi aka yi sai ƙashinsa ya faɗa masa. Ni kuwa abin da idona ke gani kawai, saurayi zaune gaban allo, riƙe da abin nan mai maɓallai da 'yan sanduna biyu da kuke kira fad. Na yanke hukunci cewa lalaci ne. Ban taɓa tambayar kaina ba: wanda bai isa ya taka zuwa bakin titi cikin damina ba, ina zai hau dutse, ina zai ƙetare kogi, in ba a cikin wasan kwamfutar nan da kuke ce wa gem ba? Mamanki ce ta yi mini wannan tambayar, bayan ba ya nan.

To, ɗiyata, inda za ki, za ki ga mutane suna yin abin da ba ki gane ba. Kafin ki raina, ki tambaya, kuma in kin tambaya ki tsaya ki ji amsar har ƙarshe. Mu manya mun fiye son cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro ke gani daga zaune, babba yana tsaye a bakin ƙofa bai gani ba, saboda ya ƙi shigowa.

Na biyun ya fi wuyar faɗa. Kin san yayanki ɗan fari ne, kuma kin san yadda aka raine ni a ƙasar Katsina. Mahaifina bai taɓa kiran sunan babban wanmu ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ya son shi. Kunya ce. Ni ma haka na tashi da ita. Sau ɗaya na furta sunan yayanki, ranar da na yi masa huɗuba a kunne. Daga nan sai "kai", sai "yaro", sai "yayanku". Ke na goya ki a wuya, na saya miki alawa, na yi miki wasa. Shi ko kafaɗarsa ban taɓa dafawa a gaban mutane ba. Da ciwo ya tashi, ina tsaye a barandar asibiti ina addu'a, Mamanki ce ke riƙe da hannunsa.

Wata Asabar bayan la'asar, an kawo wuta, ku biyu kuna ɗakinsa, shi da baƙin fad, ke da farin. Na zo wucewa, sai ya ce, "Baba, shigo ka ga wani abu. Akwai wani tsoho a nan, kai sak." Har ya matsa ya ba ni wuri a kan katifa, ya miƙo mini fad ɗinsa. Wallahi, Hafsatu, na so in zauna. Ƙafata ta shiga ɗakin. Sai na ga kaina, mutum mai furfura, zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinsa yana wasa, na ji nauyi ya kama ni. Na ce, "Ni sa'anka ne?" Na wuce. Bai sake kirana ba.

Ba na zagin al'adarmu. Kunya ado ce, kuma ina so ki tafi da taki. Amma ki lura da ita, don wani lokaci girman kai kan ari rigarta ya sa. In wanda kike so ya matsa ya ba ki wuri, ki zauna. Ko ba ki iya abin da ake yi ba, ki zauna.

Yanzu ga babban. Na san kin san shi, amma ba ki taɓa jin yadda aka yi daga bakina ba.

Bayan an yi arba'in, kin koma makaranta Zariya. Muka fitar da tufafinsa da takalmansa aka bayar sadaka, kamar yadda ake yi. Saura kwamfuta. Na tuna kina ajin ƙarshe, za ki rubuta aikin kammalawa, sai na ce bari in gyara miki ita, ki dawo ki tarar. Alheri na yi nufi, Allah shaida ne. Na kunna, ban ga abin da na saba gani a ofis ba. Allo baƙi ƙirin, 'yan rubutu farare, da wata 'yar sanda tana ƙiftawa. Na ce lallai ta lalace. Ban kira ki ba, don ina so in ba ki mamaki. Na tare keke, na rungumi akwatin, sai shagon wani mai gyara a kasuwa.

Mutumin ya ciro faifan ajiyarta ya haɗa da tasa kwamfutar, irin ta ofis. Wani saƙo ya fito. Ya ce, "Alhaji, ai ba komai a ciki, faifan ne ya rikice. In yi fomatin, in goge shi tas, in ɗora maka sabuwa?" Daga baya na fahimci ba rikicewa ya yi ba. Tasa kwamfutar ce ba ta iya karanta irin tsarin ajiyar Linux, sai ta ga faifan kamar wayam. Ba na ɗora masa laifi, iyakar saninsa ke nan, kuma ya tambaye ni.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Na ƙare aikina a rajista, ni ne mai tsaron fayil a ma'aikatarmu. A hannuna ba a ƙona fayil, ko ɓera ya cinye rabinsa, sai an buɗe, an karanta, mutum uku sun sa hannu. Na sha faɗa da manya a kan haka, har ana ce mini Malam Sai-an-duba. Amma da aka miƙo mini fayil ɗin ɗana, ban buɗe ba, ban kira kowa ba. Na ce, "Goge." Ina zaune a benci ina shan lemo aka gama. Garin neman gira na rasa ido.

Kada ki taɓa share abin wani don ke ba ki ga komai a ciki ba. Wannan ya shafi kwamfuta, ya shafi aikin ofis, ya shafi mutane. In abu ba naki ba ne, ko alheri za ki yi da shi, ki nemi mai shi tukuna. Mamaki ba dole ba ne, tambaya ce dole.

Da kika dawo hutu, na kai ki ɗakin ina murmushi, na yaye ƙyallen da na rufe kwamfutar da shi. Kika kunna. Na ga fuskarki ta canja, kika shiga danne-danne. Kika ce, "Baba, ina abin da ke ciki?" Na ce an goge, an sa mai kyau. Sai kika zauna a ƙasa. Kika ce shekara uku kuna wata tafiya a cikin gem ɗin ku biyu, ke da yayanki, kun kai ƙofar birnin ƙarshe, ranar da za a kai shi asibiti ya ce, "Ki jira ni, kada ki shiga ke kaɗai." Kika ce kina nan kina jira, ba ki shiga ba, kina dai kunnawa ki gan shi tsaye a bakin ƙofar da rigar da ya zaɓa.

A nan ya kamata in zauna a ƙasan tare da ke. Maimakon haka, kunya da haushin kaina suka taso mini, na ce, "Haba, Hafsatu, gem ne fa kawai." Kika ɗago kika kalle ni, kika ce, "To, Baba." Kika mayar da ƙyallen kika fita. Tun ranar ba ki sake shiga ɗakin ba, kuma tun ranar nake jin "To, Baba" ɗin nan.

Gogewar kuskure ce. Maganar ita ce laifin. Magana zarar bunu ce, na sani, amma neman gafara ai bai fi ƙarfin bakina ba, na bar shi shekara biyu ina jiran ki huce da kanki. In kin ɓata wa wani, ki ba shi haƙuri tun abin da ɗuminsa, kuma kada ki taɓa auna wa mai baƙin ciki girman abin da ya rasa. Shi ya san nauyinsa. Ki yafe mini, ɗiyata. Na yi miki ba daidai ba, na yi wa yayanki ba daidai ba.

Saura in faɗa miki abin da nake yi da safe in kin fita, wanda na roƙi Mamanki ta rufa mini asiri a kai.

Da farko na ɗauki faifan na kai wa wata mata da aka ce ta ƙware wajen dawo da abin da aka goge. Ta riƙe shi mako guda, ta ce sabon da aka ɗora ya bi ta kan tsohon, ba abin da za a samu. Ina gaya miki ne don kada ki sa rai. Abin da na goge ya tafi.

Amma ina gyara ɗakin, a bayan durowa, na tsinci wani littafi mai bangon kwali. Na buɗe sai na ga kamar ni na rubuta. Kowane shafi da lamba, da kan magana an ja masa layi da jan biro, har da jerin abin da ke ciki a shafin farko, sak yadda nake tsara fayil. Ashe yaron nan yana kallon hannuna duk shekarun da ni ba na kallon nasa. Ya rubuta komai: yadda ake ɗora Linux, abin da za a rubuta a baƙin allon nan don katin hoto ya yi aiki, yadda ake sa gem ɗin da ba don Linux aka yi shi ba ya yarda ya tashi, yadda ake sa kwamfutar ta gane fad. Wani wurin ya rubuta, "Wannan ya ci mini kwana tara. Kada a sake."

Na ce gemu ba ya hana ilimi. Na sa tabarau na fara bin littafin shafi-shafi. Kada ki tambaye ni sau nawa na ɓata na koma farko. Baƙin allon nan ba shi da kara, harafi ɗaya ka kuskure sai ya ƙi ka, ko shugaban ma'aikata bai kai shi tsanani ba. Sau biyu aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Fad ɗin yayanki kuma sandarsa ta hagu ta saki, mutumin cikin gem yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba, sai da na kwance shi na goge da auduga yadda shafi na goma sha huɗu ya ce. Ni da na yi masa gorin gwangwan, ga ni durƙushe a tsakar ɗaki da sukudirebansa.

A can ƙarshen littafin ya jera mutanen tafiyarku. Nasa, mai takobi. Naki, mai kwari da baka. Sai na uku, tsohon da ya kira ni in gani. Ya rubuta, "Baba. Shi ke riƙe da taswira da magani. Ba ya magana, a baya yake tafiya. Kada a bari ya faɗi, in ba shi ba a wucewa." Na rufe littafin. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Da gem ɗin ya tashi, abu na farko da ya nema shi ne in ba jagoran tafiya suna. Na zauna tun hantsi har aka kira azahar ina kallon gurbin sunan, babu komai a ciki. Bayan na dawo daga masallaci, na rubuta sunan yayanki. To, mutanen cikin gem ɗin da sunan suke kiransa, rubutu yana fitowa a ƙasan allo, ni kuma ban iya karatu a zuci ba, kin sani, sai na motsa baki. Ina cikin karantawa na ji motsi. Na waiga, ga Mamanki a bakin ƙofa da ludayi a hannu, hawaye na zuba. Ta ce, "Malam, maimaita." Na maimaita.

Yanzu ina nan a wata gada, can farkon tafiya, mako uku ke nan. Akwai wani ƙato mai gatari a kanta, kullum sai ya watsa mu cikin ruwa. Yatsuna sun yi tauri, ina neman maɓalli shi ya riga ya gama da ni. Littafin bai ce komai a kan gadar ba, ina jin ku ba ta ba ku wahala ba.

In kin buɗe jakarki ta baya, cikin ɗankwalin Mamanki, za ki ga farin fad ɗinki. Baƙin yana wurina. Akwai shafin da yayanki ya rubuta lokacin da za ki tafi Zariya, kan yadda mutum biyu za su yi tafiya tare ko suna gari daban. Na kwafe miki shi a bayan takardar nan, harafi-harafi, na duba sau uku. Ban ce zan tsaya a wurinsa ba, ba mai tsayawa. Ban kuma ce dole ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki ajiye fad ɗin, naki ne, ba zan yi fushi ba. Amma in wata Asabar bayan la'asar kin sami sarari, ki kira ni ki tsallakar da ni gadar nan. A baya zan riƙa tafiya, ina riƙe da magani. Ko shekara nawa za ta ɗauke mu, ina so in ga ƙofar birnin da ya ce ki jira shi, kuma ba na so ki shiga ke kaɗai.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada aiki ya sa ki wuni da shayi. Ki riƙa kiran Mamanki ko ba ki kira ni ba. Allah ya yi miki albarka, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya haskaka kabarin ɗana Mahmud, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara, ya haɗa mu da shi a inda ba ciwo.

Kin ga, na rubuta. Mahmud.

Wassalam.

Mahaifinki.